Ka juya katin ka duba bayansa, amsa ga mai tambaya kan tsofaffin katunan 'yan kwana-kwanan Amurka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, abin da ya hana ni amsawa da wuri shi ne ina so in samu natsuwa in ƙare wa hotunan da ka turo kallo tukuna. Ka ce a cikin kayan gwanjon da aka sauke daga Amurka ka tsinci wani tsohon albam mai katuna arba'in da wani abu, wasu dawakai ne ke jan wata ƙatuwar tukunya mai hayaƙi, wasu maza ne da hulunan kwano sun jeru a gaban gini, wasu kuma kangaye ne an rubuta Baltimore a ƙasansu, sannan akwai ƙyalle biyu masu rubutun ruwan zinare, da wata babbar takarda mai zane kamar satifiket, da ɗan ƙaramin kati da ba komai a jikinsa sai lambobi da sunayen tituna. Kana so ka san ko tsofaffi ne da gaske, me suke nufi, ko suna kuɗi, kuma wani ya ba ka shawarar ka kai a yi musu laminatin.

Toh bari in fara da na ƙarshen don shi ya fi tayar min da hankali. Don Allah kar ka yi musu laminatin. Zafi da gam ɗin robar nan suna shiga jikin takarda ne, kuma in sun shiga ba mai iya raba su har abada, katin da ya shekara ɗari yana lafiya lau a minti biyu za a gama da shi. Na biyu, kar ka raba kayan nan, kar ka ba wa wani biyar ka sayar da goma, kar ka cire su daga yadda ka same su a jere sai ka ɗauki hoton kowane shafi. Zan dawo kan dalilin.

Na fi shekara ashirin ina tara irin waɗannan katuna, tun zamana a can, kuma duk wanda ya turo min hoto irin kuskure ɗaya yake yi, wanda kai ma ka yi, wato gaban katin kawai ake turowa. Alhali shekarun kati a bayansa suke. Gaba yana nuna maka abin da aka ɗauka, baya kuwa shi ke faɗa maka yaushe, a ina, wa ya buga, wa ya aika wa wa.

Ga yadda abin yake. Dokar gidan waya ta Amurka ta yi ta canzawa, kuma duk canjin da aka yi sai ya bar alama a jikin kati. In ka ga an rubuta Private Mailing Card, har da ambaton dokar majalisa ta 19 ga Mayu 1898, to katin na tsakanin 1898 ne da 1901. Daga ƙarshen Disamban 1901 aka yarje wa 'yan kasuwa su rubuta Post Card kawai, amma duk da haka ba a yarda a rubuta komai a baya ba sai adireshi, shi yasa za ka ga katunan lokacin an bar ɗan farin fili a gaba, gefen hoto ko ƙasansa, mutum ya matse saƙonsa a nan, wani ma har kan sararin samaniyar hoton yake rubutu. Sai ranar 1 ga Maris 1907 aka ja layi a tsakiyar baya, hagu na saƙo dama na adireshi. Kenan in ka juya ka ga ba layi a tsakiya, kati ne na kafin 1907, in akwai layi to daga 1907 ne zuwa sama. Wannan lissafin na Amurka ne fa, Ingila tun 1902 ta raba nata, saboda haka ka fara duba ƙasar da katin ya fito.

Sannan ka nemi ɗan ƙaramin rubutu a gefe. Da yawa daga katuna masu launi na wancan zamanin an rubuta Printed in Germany ko Made in Germany, don a lokacin ba wanda ya kai Jamusawa iya buga launi, mai kanti a ƙauyen Amurka zai ɗauki hoto ya aika Jamus a bugo masa ɗaruruwa. Harajin kwastan da aka ƙara a 1909 ya karya wannan kasuwar, yaƙin duniya na farko da ya ɓarke a 1914 ya ƙarasa ta. Bayan nan sai katuna masu farin layi zagaye da hoto, wajen 1915 zuwa 1930, sai masu kaushi kamar saƙar yadi da launi rau, daga 1930 zuwa wajen 1945, sai masu sheƙi irin na yanzu. Kan sarki ma shaida ne, a lokacin santi ɗaya ake aika kati a cikin ƙasa, aka mayar da shi santi biyu daga ƙarshen 1917 zuwa tsakiyar 1919 saboda yaƙi. Kuma don ka ga yadda mutane suka rungumi abin, a shekarar kuɗi da ta ƙare a Yunin 1908 gidan wayar Amurka ya ƙirga katuna sama da miliyan 677, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 90 ba. Shi ne saƙon waya na zamanin, gobara ta tashi yau, jibi katinta na hannun ɗan'uwanka a wata jiha.

Yanzu ga wurin da nake so ka ba ni hankalinka sosai, don a nan ake gane dawa da dusa. Katunan nan iri biyu ne. Akwai wanda inji ya buga da tawada, akwai kuma wanda shi kansa hoto ne na gaske da aka wanke a kan takardar hoto mai bayan kati. Ka samo gilashin nan na masu gyaran agogo ko masu gyaran waya, mai ƙara girma sau goma, ka ɗora a kan fuskar mutum ɗaya. In ka ga fuskar ta tarwatse ta zama ɗigo-ɗigo a jere ko tsaki-tsaki kamar tsakin gero, bugun inji ne, akwai ire-irensa dubbai. In kuwa ka ga fuskar sumul, duhu na narkewa cikin haske ba ɗigo ko ɗaya, har kana iya ƙirga maɓallan rigarsa ka karanta lambar da ke gaban hularsa, to hoto ne na gaske. Kamfanin Kodak ne ya buɗe wannan ƙofa a 1903 da kyamararsa mai lamba 3A, wadda fim ɗinta daidai girman kati yake, sai ya zamana mai hoton gari ko ma wani mai sha'awa kawai zai ɗauki 'yan kwana-kwanan unguwarsu ya wanke dozin ɗaya ko biyu, kowa ya karɓi nasa shikenan. Irin wannan wani lokacin wanda ke hannunka shi kaɗai ya rage a duniya.

Shi ma hoto na gaske yana da nasa kalandar a baya. Duba ɗan akwatin da ake manna kan sarki, in ba a manna ba. Galibi za ka ga sunan takardar ya zagaye akwatin, AZO ko VELOX ko CYKO. Ita AZO ta fi yawa, kuma a kusurwoyi huɗu akwai 'yan ƙananan alamu masu kusurwa uku. In duka huɗun sama suke kallo, takardar ta tsakanin 1904 da 1918 ce, in biyu na kallon sama biyu ƙasa to 1918 zuwa 1930. Amma ka riƙe wannan, takarda tana faɗa maka cewa katin bai girmi shekara kaza ba, hatimin gidan waya yana faɗa maka bai gaza shekara kaza ba, shi hoton kansa kuwa yana iya girmar su duka biyun, don ana sake wanke tsohon fim bayan shekaru, kuma mai kanti yana iya ajiye kati shekara goma kafin ya samu mai saye.

A cikin hotunanka na ga guda uku da nake kyautata zaton na gaske ne, musamman wanda maza goma sha wani abu suka tsaya gaban gini mai hasumiya. Gefen katin yana wani ƙyalli kamar azurfa in ba idona ba, kuma wannan ƙyallin a wurare masu duhu alama ce ta tsohuwar takardar hoto. Kar ka goge shi da tsumma, ba datti ba ne.

Bari in ɗan faɗa maka su waye mutanen, don in ba ka san su ba takardun ba za su yi maka magana ba. Mu nan in an ce 'yan kwana-kwana ma'aikatan gwamnati muke nufi masu albashi. A Amurka ba haka abin ya faro ba, ƙungiyoyin sa-kai ne na unguwa. Benjamin Franklin da abokansa suka kafa Union Fire Company a Filadelfiya a 1736, kowane mamba da bokitansa na fata da buhunan kwashe kaya. Daga nan kowace unguwa ta so ta ga tana da tata, maƙeri da tela da mai kanti da mahauci, su tara kuɗi su sayi famfo su yi masa fenti da zane su raɗa masa suna, su ɗinka jar riga, kuma ƙungiyar ta zama ita ce majalisarsu, ita ce kulob ɗinsu, ita ke zuwa jana'izar mamba. Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba, gasa ta koma gaba, ƙungiyoyi biyu su haɗu a bakin famfon titi ɗaya a ba hammata iska gida na ci da wuta, 'yan siyasa kuma suka shigo. Shi William Tweed ɗin nan da ya zama uban siyasar New York daga shugabancin ƙungiyar kashe gobara ta Americus mai lamba 6 ya taso. Wannan rigima da zuwan injin tururi su suka sa manyan birane komawa ga ma'aikata masu albashi, Cincinnati a 1853, New York a 1865, Filadelfiya a 1871. Amma ƙananan garuruwa ba su canza ba, har gobe ma mafi yawan masu kashe gobara a Amurka 'yan sa-kai ne. To ka ga lokacin da zamanin kati ya zo, in hoton na babban birni ne ma'aikata kake kallo, in na ƙaramin gari ne kuwa maƙwabta ne suka sa rigar fareti suka tsaya, kuma a nawa ganin waɗannan sun fi daɗin kallo nesa ba kusa ba.

Ita tukunyar da dawakai ke ja, injin tururi ne mai tura ruwa. Ba ruwan kashe wuta ke cikinta ba kamar yadda mutane ke zato, ita famfo ce kawai, tana zuƙo ruwa daga famfon titi ko rijiya ko kogi ta watsa ta tiyo da ƙarfi. A tasha ana haɗa ta da bututun ruwan zafi don kar ta huce, an riga an jera mata ƙirare da kwal, da ƙararrawa ta kaɗa dawakan da kansu suke fitowa su tsaya a gaban injin, kayan ɗaurinsu na rataye a sama sai a sako musu a ƙulle, a kyasta wuta, kafin a isa wurin gobara tururi ya tashi. Shi yasa kake ganin hayaƙi na tashi tana cikin gudu. In ka sa gilashin a jikin tukunyar wani lokacin za ka karanta sunan maƙeran, Amoskeag ko Silsby ko American LaFrance, in kuma katin Ingila ne Merryweather ko Shand Mason, su nasu ma'aikatan hular tagulla suke sawa mai tukku. Doguwar karusa mai tsani wadda mutum na biyu ke zaune a can baya yana juya tayoyin baya, ta tsani ce. Mai tankuna biyu a kwance ta haɗin sinadari ce, ruwan soda da kwalbar asid, a kifar da kwalbar iska ta taso ta tura ruwan. Wanda ka ga ya riƙe wani dogon abu kamar kakaki shi ne shugaba, da shi yake ba da umarni cikin hayaniya, kuma irinsa na azurfa ake ba mutum kyauta in zai ajiye aiki.

Kayan aikin suna taimakawa wajen gane shekara amma kar ka dogara da su kaɗai. Motoci sun fara shigowa tun wajen 1906, a shekarun 1910 ma akwai wani haɗin gambiza da za ka gani, an cire dawakai an liƙa wa tsohuwar tukunya gaban mota mai taya biyu, irin na kamfanin Christie. New York ta yi bankwana da dawakanta ranar 20 ga Disamba 1922, a tashar Engine 205 da ke Brooklyn. Amma a ƙauye kuwa har bayan nan maza ne ke jan keken tiyo da igiya, saboda haka tsohon inji ba ya nufin tsohon hoto.

Kangayen Baltimore, wannan gobarar 7 da 8 ga Fabrairu 1904 ce, wadda ta ci gine-gine sama da 1,500 a tsakiyar kasuwancin birnin cikin awa talatin. Abin da ya sa masu wannan fanni ba sa mantawa da ita shi ne, an turo injuna ta jirgin ƙasa daga Washington da Filadelfiya da New York, sun iso amma bakin tiyonsu ya ƙi ɗauruwa da famfunan Baltimore, kowane birni da irin zaren bakinsa, ga ruwa ga inji ga maza amma abu ya ƙi haɗuwa. Bayan nan ne aka fitar da ma'auni na bai ɗaya a 1905. In naka na lokacin ne, bayansu ba zai zama da layi a tsakiya ba, ka duba. Gaskiya ba su cika tsada ba don an buga su da yawan gaske, haka na gobarar San Francisco ta 1906, haka na ginin Equitable na New York da ya ƙone ranar 9 ga Janairu 1912 cikin tsananin sanyi, ruwan da aka watsa ya daskare ya lulluɓe ginin da injunan gaba ɗaya. Kuma ka san wani abu, a katuna masu launi sau da yawa jar wutar da baƙin hayaƙin mai zane ne ya ƙara da hannu a ɗakin bugu, akwai ma hoton dawakai na gudu guda ɗaya da za ka gani an buga masa sunayen garuruwa daban-daban. Ba wai jabu ba ne, haka kasuwar take a lokacin, amma ba a kafa hujjar tarihi da irinsu.

Yanzu ga ɗan ƙaramin katin nan mai lambobi da ka ce har ka so jefar da shi. Wallahi da na gan shi sai da na gyara zama, don ina ganin shi ne makullin albam ɗin gaba ɗaya. Kafin tarho ya wadata, akwatuna ne jajaye a jikin turakun titi, tsarin da aka fara a Boston a 1852, daga baya kamfanin Gamewell ya mamaye ƙasar da shi. In gobara ta tashi sai ka ruga akwatin da ya fi kusa ka ja ƙugiya, wani ɗan faifai mai haƙora ya juya ya aika lambar akwatin ta wayar tangaraho, sai ƙararrawar gari ko usur ɗin masana'anta ya buga lambar. In akwati na 34 ne, bugu uku, a ɗan tsaya, bugu huɗu. Kowa a gari sai ya ƙirga ya zaro katinsa daga aljihu ya duba, 34 mahaɗar titi kaza da titi kaza ce, ɗan sa-kai ya ajiye guduma ya ruga, mai gida a unguwar ya ruga. 'Yan kasuwa ne ke buga katin kyauta su sa tallarsu a baya. Toh sunayen titunan nan da sunan mai tallar, in ka haɗa uku ko huɗu ka bincika a intanet, da wuya garin bai fito ba. In ya fito sai ka nemi taswirar Sanborn ta garin, taswirorin da aka zana wa kamfanonin inshora gida-gida, ginin bulo ruwan hoda na katako ruwan ɗorawa, ɗakin karatu na majalisar Amurka wato Library of Congress ya sa dubbansu kyauta. Za ka ga tashar da ke hotonka a kan titinta, har da hasumiyar, wadda galibi ta rataye ƙararrawa ce da shanya tiyo bayan aiki.

Ƙyallayen biyu na taron shekara ne ko na gasa, ana maƙala su a ƙirji ranar fareti, kuma yawanci suna ɗauke da sunan ƙungiya da gari da kwanan wata. Gasar kuwa ba wasa ba ce, a jera tsofaffin famfunan hannu maza talatin ko arba'in su kama sanduna suna dannawa a ga ruwan wa zai fi nisa, ko a yi tseren jan keken tiyo. Siliki ne, yana karyewa a wurin ninki, ka shimfiɗa su kwance kar ka yi musu guga. Babbar takardar kuma, in ka karanta ka ga kalmar Exempt, to shaidar sallama ce. A wancan zamanin mutum in ya yi wa ƙungiya hidima na shekarun da doka ta yanke, biyar a jihar New York bakwai a New Jersey, sai a ba shi wannan takarda a ɗauke masa wasu wajibai kamar zaman taya alƙali yanke hukunci, har da atisayen dakarun gari. Ladansa kenan tunda ba albashi. A jikinta akwai sunansa da tawada da sa hannun shugabanni. In sunan nan ya zo ɗaya da wanda aka aika wa katunan ko wanda ya sa hannu a ƙasan saƙo, to ba tarkace ka tsinta ba, rayuwar mutum ɗaya ce a hannunka.

Dalilin da yasa na ce kar ka raba su kenan, kuma abin ya taɓa faruwa a gabana. Wata shekara a wata kasuwar tsofaffin takardu na sayi kati ɗaya a hannun wani dillali, hoto na gaske, maza tara a gaban wata 'yar tasha ta katako a wani ƙaramin gari na jihar Pennsylvania, da keken tiyo an yi masa ado da furanni. An sa alamar gicciye da tawada a saman kan na uku daga hagu, saurayi ne hular ta yi masa yawa ta rufe masa gira, hannunsa ɗaya a kan tayar keken. A baya ya rubuta wa yayarsa layi huɗu da fensir, yana faɗa mata shi ne mai alamar, sun zo na biyu a tsere, ta gaida Mama. Da na tambayi dillalin sai ya ce ai akwati guda ne ya saya a gidan magada, akwai littafin rajistar ƙungiyar da wasiƙu da bajo, duk ya sayar ɗai-ɗai tun safe ga mutane daban-daban don a haka ya fi cin riba. Sunan farko kawai yaron ya sa a katin. Cikakken sunansa yana cikin littafin nan da ya tafi hannun wanda ban sani ba, na yi shekaru ina nema ban dace ba, kuma har yau in na ɗauko katin sai na ji abin a raina.

Maganar kuɗi kuwa, ba zan ruɗe ka ba. Katin bugun inji na babban birni dala kaɗan ne, wani ma ba ya kai kuɗin aika shi. Hoto na gaske mai kaifi, wanda aka san garinsa, inji ya fito fili ana karanta rubutun jikinsa, shi ke kai gomman daloli, wanda ba a saba gani ba ya wuce haka, misali ƙungiyar baƙaƙen fata ko ta mata, ko cikin tasha da kayan dawakai a rataye, ko ana tsakiyar aiki a wurin gobara. Hoton da ba a san garinsa ba darajarsa faɗuwa take ko da ya fi kyau. In kana so ka san farashi ka duba abin da aka riga aka sayar a shafukan cinikin intanet irin su eBay ko Delcampe, ba abin da mai kaya ya sa ba, don kowa na iya sa abin da ya ga dama. Kuma ka yi hattara da sababbin kwafi, a ƙarƙashin gilashi za ka ga feshin launuka ja da shuɗi da ɗorawa ko da hoton baƙi da fari ne, takardar fara fat, gefenta kaifi kamar jiya aka yanka. In ka ƙare ka gane garin, ni shawarata ka rubuta wa ƙungiyar tarihin garin ko ita tashar kanta, don da yawa daga ƙungiyoyin nan suna nan da ransu da sunansu na da, kuma su ne za su fi kowa sanin ƙimar kayan a haɗe.

Ajiya a ƙasarmu ita ce babbar jarrabawa, don waɗannan takardu ba su san daminarmu ba. Laima na kawo fumfuna da jajayen ɗige-ɗige, ta sa hoto ya manne da ɗan'uwansa, hunturu ya zo ya busar da su su lanƙwashe, ga gara ga kyankyaso ga asu. Kar ka ajiye su a ƙasa ko jikin bango ko ƙarƙashin katifa ko ɗakin da kwano ke gasawa. Ka samu akwati mai murfi ka ɗora a kan kanta a ɗakin da ya fi sanyi, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa buɗewa kana dubawa duk wata musamman Agusta. Ba salatif, ba gam, ba roba mai ɗaurewa, ba kilif na ƙarfe don tsatsa yake bari. Ledar albam mai laushi mai warin sabuwar roba ma ka guje ta, tana fitar da maiƙo. In ba ka samu ledar ajiya ta musamman ba, farar takarda mai kyau ka ninke ka sa kowane kati a ciki. Ka wanke hannu ka bushe, ka riƙe ta gefe, in za ka rubuta wani abu ka rubuta a kan takardar ninkin da fensir. In kana so ka rataye a falo ka yi sikanin ka wanke kwafi ka rataye, na asalin ya zauna a duhu.

In katunan a sanye suke cikin 'yan tsagogi a shafin albam, zaro su a hankali ɗaya bayan ɗaya ka mayar da kowanne gurbinsa. In kuwa da gam aka manna su, kar ka ɓamɓare, bayan ne zai yage ya bi shafin, kuma bayan muke nema, ka bar waɗannan tukuna mu fara da masu fita. Turo min bayan guda ukun nan da na ambata, da akwatin kan sarki kusa-kusa cikin hasken rana ba filasha ba, da gaba da bayan ƙaramin katin mai lambobi, da layin da aka rubuta suna a babbar takardar. Da waɗannan in sha Allahu za mu fara neman garin.